Malamin Dabbobi da Allurar Haukan Kare

A ƙasar Hausa ba kowa ke son a gan shi kusa da kare ba, balle ya mai da taɓa shi sana'a. Duk da haka akwai malaman dabbobi da ke ɗaura kula a bayan babur tun da sassafe, suna bin unguwannin mafarauta da rugage da gidajen masu karnukan gadi domin yin allurar rigakafin ciwon haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon yana kashe mutum kusan 59,000 a shekara, yawancinsu a Afirka da Asiya, kuma kusan dukkansu ta hanyar cizon kare suka kamu. In alamunsa suka bayyana a jikin mutum, da wuya ya tashi.

Gwanintar malamin daga kular nan take farawa. Ko allurar daga cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom ta fito, ko daga waje aka shigo da ita, sanyi take so, tsakanin digiri 2 zuwa 8. Zafi yana kashe ƙarfinta, ta ruwan kuma daskarewa ma tana lalata ta. Shi ya sa za ka ga ya sa kwali tsakanin kwalabe da ƙanƙara, ya ajiye kular a inuwa, ba ya buɗe ta sai da dalili, kuma sai ya duba ranar ƙarewar wa'adi kafin ya zuƙa. A ganina nan ne amanar sana'ar take. Allurar da rana ta dafa ta fi rashin allura haɗari, domin mai kare zai koma gida da kati a hannu, hankalinsa kwance, alhali karensa ba shi da kariya ko kaɗan. Ranar da karen ya ciji yaro, katin nan za a nuna a ce ba sai an je asibiti ba.

Sai kama karen. Mai shi ne ke riƙe shi, don muryarsa ya sani. A sa masa takunkumi, in babu a ɗaure bakin da tsumma mai laushi. Malamin, da safar hannu, yana zuwa ta gefe ba tare da hayaniya ba, ya ɗaga fatar bayan wuya da yatsu, ya soka, ya ja baya kafin karen ya gane abin da ya faru. Kowane kare da sabuwar allurarsa, wadda aka yi amfani da ita kuma cikin akwati mai murfi take shiga, ba a yar da ita inda yara za su tsinta. Karen da ke dalalar da miyau, ko ya sauya hali yana kai wa kowa cizo, ba na allura ba ne. Killace shi ake yi, a sanar da ofishin dabbobi.

Tsautsayi ba ya wuce ranarsa. In kare ya cije shi ko ya yakushe shi, malamin ya san dokar: wanke wurin da sabulu da ruwa na minti 15, sannan asibiti a ranar. Allurar mutum a damtse ake yin ta, ƙananan yara a cinya, ba a ɗuwawu ba.

Masana sun ce sai an yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan yanki allura kafin cutar ta daina yawo a cikinsa. Mutanen da ke ɗauke da wannan nauyi sun cancanci a yi musu tasu rigakafin tun kafin su fita aiki, a kuma ba su firji mai aiki da hasken rana. Gwamnatocin jihohi su dubi wannan. Kai kuma mai kare, ka kawo shi da kanka, ka riƙe shi da kyau, ka adana katinsa.