Salula a bakin iyaka: Saitin da ke tsare wa ɗan kasuwa kuɗinsa

Duk wanda ya saba cin kasuwar Illela ranar Lahadi ko ta Maigatari ranar Alhamis ya san cewa kafin a sauke buhun farko daga mota, an riga an gama rabin ciniki ta waya. Dillalin shanu ya ji yadda kasuwar Legas ta kwana, mai wake ya tambayi farashin Dawanau, ɗan canji kuma ya san nawa jakar sefa ta wayi gari a naira. Sai dai a zagayen da muke yi a kasuwannin bakin iyaka, mun lura cewa da yawanmu ba mu san komai a jikin wayar ba in ban da maɓallin kira da na kashewa. Sauran kuwa mun bar wa yaron shago ko mai cajin waya, alhali a cikin wannan sauran ne kuɗi ke zurarewa.

Idan mai karatu bai manta ba, a shekarar 2001 ne salula ta shigo Nijeriya da Nijar. A Nijeriya kamfanonin Econet da MTN ne suka fara a watan Agusta, a Nijar kuma Celtel, wanda ya koma Zain a 2008, sannan Airtel a 2010. Ba a daɗe ba aka ga tasirinta a kasuwa. Wata masaniyar tattalin arziki 'yar Amurka mai suna Jenny Aker, wadda ta bi diddigin kasuwannin hatsi na Nijar daga 2001 zuwa 2006, ta gano cewa zuwan salula ya rage bambancin farashi tsakanin kasuwa da kasuwa da kashi 10 zuwa 16 cikin 100. Dalili kuwa a fili yake: wanda a da sai ya hau mota ya je Damagaram kafin ya san kuɗin gero, yanzu daga rumfarsa yake ji. To abin da ya kai wannan matsayi a sana'ar mutum, ya cancanci ya zauna ya san cikinsa.

Waya ba ta san kan iyaka ba

Matsala ta farko, wadda ta fi damun mutanen bakin iyaka, ita ce tsallaken sabis, ko rezo kamar yadda ake cewa a Nijar. Turakun sadarwa ba ruwansu da shingen kwastan. Turken da ke Birnin Ƙonni yana iya kaiwa Illela, na Malanbil yana kaiwa Gaya, haka abin yake tsakanin Gamboru da Fotokol. Kusan kowace waya tana fitowa daga kamfani ne a saitin otomatik, wato ita ke zaɓar wa kanta turken da za ta kama. Idan sabis ɗin gida ya yi rauni, kuma layin mutum yana da izinin aiki a ƙasar waje, sai ta maƙale wa turken maƙwabta ba tare da ta yi shawara da kowa ba. Wannan shi ake kira romin. Mutum yana zaune a rumfarsa, bai taka ko'ina ba, amma a lissafin kamfani ya yi tafiya ƙasar waje, kuma da farashin matafiyi za a caje shi. A wasu tsare-tsaren har kiran da aka yi masa ya amsa sai an cire masa kuɗi.

Mu kanmu abin ya taɓa cin mu. Mun sa kati da safe a wani garin bakin iyaka, muka yi kira biyu gajeru, kafin azahar aka ce kuɗinmu ya ƙare. Mun yi ta zargin kamfani da sata, sai daga baya muka lura sunan da ke saman fuskar wayar ba na kamfaninmu ba ne.

Alamar ke nan da za a riƙa dubawa: sunan kamfani a fuskar waya, da kuma harafin R ko ɗan ƙaramin zane mai kusurwa uku da wasu wayoyin ke nunawa kusa da sandunan sabis. Maganin kuma ba shi da wuya. A shiga sashen saiti, a nemi wurin zaɓen sabis, a cire shi daga otomatik a mayar da shi manuwal. Kalmomin nan biyu kusan iri ɗaya ne a wayar da ke Turanci da wadda ke Faransanci. Wayar za ta ɗan yi bincike ta jero kamfanonin da take gani, sai mutum ya zaɓi nasa. Daga nan ba za ta sake tsallakawa ba. Amma a tuna, ranar da aka yi nisa cikin ƙasar maƙwabta kuma ana son layin ya yi aiki, sai an mayar da shi otomatik, in ba haka ba wayar za ta yi ta nuna babu sabis. Masu manyan wayoyi kuma su kashe romin na data, domin shi ya fi saurin lashe kuɗi, ko da wayar tana aljihu.

Gaskiya ne an sha yin yunƙurin rage wannan nauyi. A 2007 Celtel ya shigar da Nijar da Nijeriya da Chadi cikin tsarinsa na layi ɗaya a ƙasashe da yawa, a 2017 kuma ƙungiyar ECOWAS ta amince da dokar sauƙaƙa kuɗin romin tsakanin ƙasashenta. To amma Nijar ta fice daga ƙungiyar a watan Janairun 2025, kuma kowane kamfani da nasa farashin. Saboda haka kada a dogara da ji-ta-ji-ta. A duba kuɗin da ke layi kafin kira, a sake dubawa bayan an gama, lissafi zai fito da kansa. A Nijeriya tun 2023 aka haɗe lambobin duka kamfanoni: *310# na duba kuɗi, 300 kuma na kiran ofishin kamfani.

Hanyar da ta fi sauƙi, wadda mafi yawan fatake suka koma wa, ita ce waya mai layi biyu, ɗaya na nan ɗaya na can. Amfanin hakan ya fito fili a watan Satumbar 2021, lokacin da aka katse sadarwa a Jihar Zamfara da wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato saboda matsalar tsaro, inda wasu na kusa da iyaka suka riƙa samun kira ta layukan Nijar. Sai dai a nan ma akwai tarko: idan ba a saita ba, wayar tana iya fitar da kowane kira ta layi na ɗaya, mutum ya kira Maraɗi da layin Nijeriya a farashin ƙasa da ƙasa alhali ga layin Nijar a cikin wayar. A sa wa kowane layi suna, sannan a zaɓi saitin da zai sa wayar ta riƙa tambaya kafin kowane kira.

Yadda ake ajiye lamba

Da yawa sun sha kiran abokin ciniki daga ƙetare a ce musu lambar ba ta aiki, alhali lafiyarta ƙalau. Laifin yadda aka ajiye ta ne. Lambar da aka rubuta da alamar + da lambar ƙasa tana shiga daga ko'ina, a gida ko a waje. Nijeriya +234, Nijar +227, Benin +229, Chadi +235, Kamaru +237, Ghana +233. Lambar Nijeriya guda 11 ce da sifiri a farko, idan an sa +234 sai a jefar da sifirin, ta Ghana ma ana jefar da sifirinta na farko. Ta Nijar da ta Chadi guda 8 ne, ta Kamaru 9, ana rubuta su yadda suke. Masu hulɗa da Kwatano da Malanbil su lura: tun ranar 30 ga Nuwamba 2024 lambobin Benin suka koma guda 10, an ƙara 01 a gaban kowace, kuma wannan sifirin ba a jefar da shi. Wanda bai gyara tsofaffin lambobinsa ba, ya gyara. A ƙananan wayoyi ana samun alamar + ta danna tauraro sau biyu ko riƙe sifiri, gwargwadon irin wayar.

Layi ba ya ɗaukar lambobi fiye da 250 a galibi, kuma duk lambar da ke cikin waya kaɗai tana tafiya tare da wayar ranar da ta faɗa ruwa ko hannun ɓarawo. Shawararmu ita ce a ware lambobi 20 ko 30 da sana'a ba ta tafiya sai da su, a rubuta a littafin bashi, a ajiye a gida.

Makullin layi ya fi makullin waya

Nan ne muke roƙon mai karatu ya natsu. A yau layin mutum asusunsa ne. Ta kansa banki ke turo lambar tabbatarwa, ta kansa ake tura kuɗi da 'yan lambobi ko da wayar ba ta shiga intanet. Ɓarayin kasuwa sun san haka, shi ya sa wani lokaci ba wayar ce ta dame su ba. Makullin fuskar waya ba ya hana su komai, domin cire layin kawai za su yi su sa a wata wayar.

Abin da ke hana su shi ne lambar PIN ta layi, wadda take guda 4 zuwa 8. Idan an kunna ta a sashen tsaro na saiti, duk wayar da aka sa layin sai ta nemi lambar kafin ta yi aiki. Layi yana zuwa da lambar kamfani, sau da yawa 0000 ko 1234, wadda kowa ya sani, don haka dole a canza ta. Kada a sa shekarar haihuwa ko ƙarshen lambar waya. Amma a yi hattara: idan aka yi kuskure sau 3 layin zai kulle, ya nemi wata lamba mai suna PUK, guda 8, wadda ke rubuce a jikin katin roba da aka ɓalle layin daga ciki. Ita kuma idan aka yi kuskurenta sau 10, layin ya mutu ke nan, sai an je ofis an sake wani. Don haka wanda ba shi da tabbas kada ya yi ta cinke, ya kira kamfani. Katin nan da muke yarwa a bakin shago, wurinsa cikin takardun gida.

Wannan ya kawo mu ga rajista. A ƙasashen nan duka ana rajistar layi da katin shaida, a Nijeriya kuma tun Disambar 2020 aka wajabta haɗa shi da lambar NIN. Layin da ke da sunan yaron shago ko wani ɗan uwa da ya yi tafiya, ranar da ya ɓace mai shi na gaskiya ba shi da bakin karɓo shi. Wanda jarinsa ke bi ta layi, layin ya zama da sunansa.

A danna *#06# kuma, lamba guda 15 za ta fito, ita ce IMEI, shaidar wayar kanta. Waya mai layi biyu guda biyu take nunawa. A rubuta a ajiye, domin ita jami'an tsaro ke tambaya idan an kai ƙarar sata. Mai sayen waya ta hannu ya gwada ta da wadda ke jikin kwali ko ƙarƙashin batir, idan sun saɓa ya haƙura da arahar.

Akwai kuma masu cewa a ara musu waya su yi kira ɗaya, su karkatar da kiran mutum zuwa tasu lambar. Danna *#21# yana nuna ko an karkatar, ##002# kuma yana soke kowace irin karkatarwa. Lamba guda 6 da WhatsApp ke turowa ba a ba kowa ita, ko da muryar ta yi kama da ta ɗan uwa. Saƙon da ke cewa kuɗi ya shigo kuwa, kowa na iya rubuta irinsa. Kada kaya su bar rumfa sai an duba asusu an ga kuɗin da ido.

Saƙo, batir da agogo

Saƙon tes guda ɗaya harafi 160 yake ɗauka. Amma da zarar an sa harafi mai ƙugiya irin su ƙ ko ɗ ko ɓ, sai ya koma 70, a caji mutum kuɗin saƙo biyu ko uku. A cinikin da ya shafi adadi da farashi, saƙo ya fi kira, domin magana tana tashi, rubutu yana zama shaida.

Batir kuwa abu uku ke cinye shi: hasken fuska, zafin rana da raunin sabis, domin wayar da ke neman turke ƙara ƙarfi take yi. A doguwar hanyar da babu sabis gara a kashe ta. Idan za a bar ta wurin mai caji, a kashe ta, a tabbatar makullin layi yana kunne, ko a cire layin a riƙe. Agogon Nijeriya da Nijar da Benin da Chadi da Kamaru ɗaya ne, amma Ghana da Togo da Burkina Faso suna baya da awa ɗaya, mai alƙawari da mutanen Kumasi ko Lome ya sa wannan a lissafi.

Duk abin da muka zayyana bai fi aikin rabin awa ba, kuma ba ya cin ko sisi. Wanda karatun boko bai samu ba ya zaunar da ɗansa ko wani amintacce su bi saitin tare, amma lambar sirri ya danna ta da hannunsa. Mun ga mutanen da ke ƙulle rumfa da kwaɗo biyu su ɗauki maigadi, alhali abin da ke cikin layinsu ya fi abin da ke cikin rumfar, kuma a buɗe yake. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. Allah Ya tsare mana dukiyarmu, Ya ba da kasuwa mai albarka.