Ƙaramin Kan Jirgin Kaya Mai Aiki da Tururi: Samfurin 9F na Ingila

Daga cikin sana'o'in hannu da suka samu gindin zama a Ingila tun ƙarshen ƙarni na 19 akwai ƙera ƙananan kawunan jirgin ƙasa masu aiki da tururi na gaske, wato samfurin da ba batir ko lantarki ke motsa shi ba, sai dai a hura masa wutar kwal, ruwa ya tafasa a tukunyarsa, tururi ya tura fistin, fistin kuma ya juya ƙafafu, daidai da yadda manyan injinan da suka fara isa Kano a 1911 suke aiki. Galibin masu yin sa ba neman kuɗi ya kai su ba, sha'awa ce, kuma mujallar Model Engineer da Percival Marshall ya kafa a 1898 ita ce ta daɗe tana haɗa kansu, tana buga musu zane da awo.

Cikin kawunan jirgin kaya da maƙera suka fi son kwaikwaya akwai wanda ake kira 9F, wanda aka tsara a ƙarƙashin jagorancin injiniya Robert Riddles, aka ƙera guda 251 tsakanin 1954 da 1960 a masana'antun Crewe da Swindon. An yi shi ne domin jan kaya masu nauyi irin su kwal da tama, shi ya sa aka ba shi ƙananan ƙafafu biyu a gaba masu yi masa jagora a kwana, da manyan ƙafafu goma da sandunan ƙarfe suka haɗa su suna juyawa tare, domin yawancin nauyinsa ya sauka a kan ƙafafun da ke ja, kada su riƙa sulɓi a kan dogo. Na ƙarshensu, mai lamba 92220 da suna Evening Star, shi ne kan jirgi mai tururi na ƙarshe da hukumar jiragen ƙasa ta Birtaniya ta ƙera wa kanta, kuma shekara biyar kacal ya yi yana aiki kafin a ajiye shi a 1965, abin da ke nuna irin gaggawar da aka yi wajen komawa ga dizal.

Maƙeri yakan fara da zaɓen faɗin layin da samfurin zai hau, kuma ɗaya daga cikin waɗanda suka fi yaɗuwa shi ne mai inci 5, inda ake rage kowane awo na asali kusan sau 11. A wannan ma'auni, 9F mai tsawon kimanin mita 20 tare da taragon kwal da ruwansa yakan dawo kusan mita 1.8, amma duk da haka yana iya jan manyan mutane da yawa. Kyan aikin da ido ke fara gani yana cikin ƙananan abubuwa: jerin kawunan ƙusoshi a jikin tarago, fitilu, bututun yashi da ke gaban ƙafafu, da tsarin sandunan da ake kira Walschaerts, wanda wani injiniya ɗan Beljiyam ya ƙirƙiro a 1844 domin sarrafa lokacin da tururi ke shiga silinda da lokacin da yake fita, da kuma juya injin gaba ko baya. Waɗannan ƙananan abubuwa kaɗai sukan ci wa mutum shekaru.

Sai dai wahalar gaske tana inda ido ba ya kaiwa, domin ƙarfe ana iya rage shi yadda aka ga dama, amma wuta da ruwa da tururi ba sa sauya halinsu don an ƙanƙanta mazauninsu. Idan aka rage tsawo sau 11, faɗin jikin tukunya yana raguwa sama da sau 120, alhali cikinta yana raguwa fiye da sau 1,300, ma'ana kowane ɗan ruwa da ke ciki yana da bango mai yawa kewaye da shi, wanda zafi ke shiga ta nan ya kuma fita ta nan. Kamar yadda shayin ƙaramin kofi ke riga na babbar buta hucewa, haka ƙaramar tukunya take saurin kawo tururi take kuma saurin rasa shi, ba ta da ajiyar da za ta rufa wa direba asiri in ya yi sakaci. Babbar tukunyar 9F tana da bututu sama da ɗari da zafin murhu ke ratsawa ta cikin ruwa, amma da za a rage su daidai da awo, da toka da baƙin hayaƙi sun toshe su nan da nan, don haka maƙeri yakan sa kaɗan masu faɗi. Haka kuma asalin injin yana aiki da matsin tururi fam 250 a kan kowane murabba'in inci, samfurin kuwa yawanci tsakanin 80 da 100 yake tsayawa. Ke nan samfuri mai kyau a waje kaɗai yake bin asalinsa sau da ƙafa, a ciki kuwa dole ya saɓa masa, kuma wanda ya nace sai komai ya zo daidai da awo yakan tashi da abin ado ne da ba ya tafiya.

Wanda ya fi kowa cusa wannan fahimta shi ne Lillian Lawrence, wanda aka fi sani da Curly, yake kuma sa hannu a rubuce-rubucensa da haruffan LBSC. A farkon shekarun 1920 an yi doguwar muhawara tsakaninsa da masu ganin cewa ƙaramar tukunya ba ta dace da kwal ba sai wutar barasa, shi kuwa ya ƙera wani ɗan inji mai suna Ayesha a kan layi mai inci biyu da rabi, ya hura masa kwal, ya nuna yana iya jan babban mutum. Daga nan har rasuwarsa a 1967 ya yi ta buga zane-zanen da ma'aikaci mai ƙaramin injin fere ƙarfe a bayan gida zai iya bi.

Ita tukunyar, da jan ƙarfe ake yawan yin ta, a haɗa gaɓoɓinta da narkakken haɗin azurfa, saboda jan ƙarfe yana ɗaukar zafi da sauri kuma ba ya tsatsa. Ƙungiyoyin maƙera a Birtaniya ba sa barin a hura mata wuta a bainar jama'a sai an gwada ta: ana cika sabuwa da ruwa a matsa shi da famfo har ninki biyu na matsin aikinta, domin ruwa ba ya matsuwa, in akwai rauni sai dai ya tsiyaye, saɓanin tururi da zai tarwatsa ta. Bayan haka ana sake gwajin tururi kowace shekara, a tabbatar bawul ɗin kariya yana buɗewa ya saki rarar matsi.

Ranar tuƙi, ana fara wutar da gawayi da aka jiƙa da kananzir, a ɗora ƙaramar fanka a bakin bututun hayaƙi ta ja iska, sai tururi ya ɗan taru a cire ta, injin ya ci gaba da ja wa kansa iska da tururin da yake fitarwa. Direba yana zaune a tarago na baya, shi ne mai tuƙi shi ne kuma mai zuba kwal, idonsa a kan ɗan bututun gilashi da ke nuna tsayin ruwa, domin in ruwa ya yi ƙasa da rufin murhu ƙarfen zai yi laushi ya lalace. Saboda wannan haɗari ake tanadar hanya fiye da ɗaya ta ƙara ruwa, ciki har da na'urar da Henri Giffard na Faransa ya ƙirƙiro a 1858, mai amfani da tururin tukunya wajen tura ruwan sanyi cikin ita tukunyar, da kuma famfon hannu da ake ɓoyewa a cikin tarago, wanda babban 9F bai taɓa samu ba.