Tace Rubutu Kafin Ɗab'i: Aikin Da Mai Karatu Ba Ya Gani

Tace rubutu shi ne bin daftari daki-daki, a gyara tsarinsa da bayanansa da harshensa, kafin a miƙa shi ga masu karatu. Aiki ne da ke tsakanin alƙalamin marubuci da injin maɗaba'a, kuma bai tsaya ga littafi da jarida kawai ba. Ya shafi kundin kammala karatu, da takardar jarrabawa, da sanarwar ƙungiya, da kalandar biki, har da katin gayyatar ɗaurin aure. In an yi shi da kyau ba wanda zai lura an yi. In kuwa aka tsallake shi, kuskure ɗaya zai bazu a kan kowane kwafi, ya shiga hannun mutanen da marubucin ba zai taɓa haɗuwa da su ba balle ya ba su haƙuri. Hausawa sun ce magana zarar bunu ce. Rubutacciyar magana ta fi wuyar mayarwa, domin ita tana nan ajiye ana komawa gare ta.

Minna da marubutanta

Alal misali, Minna, babban birnin Jihar Neja tun da aka ƙirƙiro jihar a 1976, gari ne da ya yi suna wajen rubuce-rubuce. A nan aka haifi Cyprian Ekwensi a 1921, da Ben Okri a 1959. A nan Abubakar Gimba ya yi zamansa, wanda ya shugabanci Ƙungiyar Marubuta ta Nijeriya, ANA, daga 1997 zuwa 2001, ya rasu a 2015. A nan kuma B.M. Dzukogi ya kafa gidauniyar Hill-Top, inda ake renon matasa 'yan makaranta a kan rubutu, manya suna duba musu ayyukansu kafin a buga.

Amma mafi yawan abin da ake bugawa a garin kullum ba ya bi ta hannun wani edita. Daga Ketaren Gwari zuwa Bosso, daga Tunga zuwa Kpakungu, mutum yakan ɗauki rubutunsa ne ya kai shagon kwamfuta a buga masa, daga nan ya wuce ƙaramar maɗaba'a a gurza. Mai bugawa a kwamfuta ana biyansa ne a kan yawan shafi, saboda haka saurinsa shi ne ribarsa. Mai maɗaba'a kuma abin da aka ba shi shi zai fitar. Babu ɗaya daga cikinsu da aka ɗauka don ya tambayi ko shekarar da aka rubuta daidai ce, ko jimlar nan tana da ma'ana. Nauyin tacewa gaba ɗaya yana komawa kan mai rubutun, ko ya sani ko bai sani ba.

Tushen aikin a ƙasar Hausa

Duba rubutu ba baƙon abu ba ne a wajen Hausawa. A tsangaya, gardi yakan yi satu a allonsa ya kai wajen darasu, alaramma ya bi shi harafi-harafi, ya gyara wasali da ɗigo. Wanda ya rubuta Alƙur'ani da ka ma ba ya sakinsa sai wasu mahaddata sun bi shi sun tabbatar. Masu kwafar littattafan malamai da hannu su ma suna da muƙabala, wato a gwada sabon kwafi da na asali, ɗaya yana karantawa ɗaya yana bi da ido. Darasin da ke cikin waɗannan al'adu ɗaya ne: komai ƙwarewar mai rubutu, ba shi ne zai zama mai duba na ƙarshe ba.

A ɓangaren boko, aikin edita ya kafu ne a Zariya, a Hukumar Talifi da Rupert East ya jagoranta. Gasar ƙagaggun labarai ta 1933 ita ta samar da Ruwan Bagaja, da Ganɗoki, da Shaihu Umar, da Idon Matambayi, kuma duk sai da suka bi ta hannun hukumar aka gyara su kafin ɗab'i. Marubucin Ruwan Bagaja, Abubakar Imam, haifaffen Kagara ne, garin da yau yake cikin Jihar Neja. A 1936 ya je Zariya ya yi watanni yana rubuta Magana Jari Ce, East yana dubawa suna tattaunawa. Da aka kafa jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, shi aka ɗora a kujerar edita. Daɗin karatun da ake ji a waɗannan ayyuka har yau, rabinsa baiwar marubuci ce, rabinsa kuwa guminsa ne na zama a sake, a rage, a daidaita.

A wannan zamanin ne aka shigo da haruffa masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, a madadin ɗigo ko waƙafin da ake liƙa wa harafi a da. Daga baya Hukumar Harshen Hausa da aka kafa a 1955, da taron Bamako na 1966, da na Yamai na 1980, suka ci gaba da daidaita ƙa'idoji. Daga shekarun 1980 kuma marubuta suka fara buga littattafansu da kansu, musamman a Kano. Wannan ya buɗe ƙofa ga ɗimbin matasa da mata, ya kuma yawaita masu karatu, sai dai ya fitar da edita daga tsakiya. Babban sukar da masana suka yi wa littattafan wancan zango ita ce rashin bin ƙa'idojin rubutu.

Matakin farko: a bar daftari ya huce

Wanda ya gama rubutu yanzu-yanzu ba ya karanta abin da ke kan takarda, abin da ke cikin kansa yake karantawa. Idan kalma ta faɗi, ƙwaƙwalwarsa za ta cike gurbin ba tare da ya sani ba. Maganin wannan shi ne a ajiye daftarin, gajere ya kwana ɗaya, littafi ya yi makonni, sannan a dawo masa kamar na wani ne. Daga nan aikin yakan bi tsari irin na gyaran hatsi: sai an yi sussuka da shiƙa da surfe kafin a zo ga tankaɗe. Wanda ya fara da gyaran waƙafi a sakin layin da daga baya za a cire gaba ɗaya, ɓata lokacinsa ya yi.

Tsari

Karatun farko na duba ginin rubutun ne. Me ake son a faɗa? Wa ake faɗa wa? Shin abu mafi muhimmanci ya zo da wuri, ko an binne shi a shafi na uku? A sanarwa da labarin jarida, mai karatu yana son ya san abin da ya faru, da wanda ya yi, da wuri, da lokaci, tun a layukan farko. A ƙagaggen labari kuwa ana bin diddigin taurari ne: kada wadda aka kira Hajara a babi na biyu ta koma Hadiza a babi na tara, kada wanda aka yi wa jana'iza ya sake fitowa yana ciniki a kasuwa. A wannan mataki ake cire maimaici, a matsar da sakin layi zuwa inda ya dace, a datse gabatarwar da ta fi jikin maganar tsawo. Shi ne matakin da ya fi yi wa marubuci ciwo, domin sau da yawa jimlar da ya fi so ita ce ba ta da aikin yi.

Tabbatar da bayanai

Karatu na biyu na sunaye ne, da shekaru, da lambobi, da muƙamai. Kowane ɗaya sai an tsaya a kansa an gwada shi da majiya, ba a dogara da tunawa ba. Jihar Neja da Jamhuriyar Nijar suna yawan rikicewa a hannun masu fassara daga Turanci, domin a can rubutunsu ɗaya ne. Ƙananan hukumomin Jihar Neja 25 ne; wanda ya rubuta wani adadi daban ya ba mai karatu dalilin shakkar sauran bayanansa. Sifiri ɗaya da ya ƙaru yakan mayar da naira dubu ɗari ta koma miliyan. A katin biki, a duba ko ranar mako ta yi daidai da kwanan wata, da kuma ko na Hijira ya dace da na Miladiyya.

Sunayen wurare a gari mai harsuna da yawa irin Minna suna buƙatar kula ta musamman. Ana ganin Ketaren Gwari, ana ganin Keteren Gwari, ana ganin Ƙetaren Gwari. Abin da ake so shi ne a zaɓi ɗaya a tsaya a kansa daga farko har ƙarshe. Haka nan mutanen da Hausawa ke kira Gwari, da yawansu sun fi son a kira su Gbagyi, kuma edita mai lura yakan yi la'akari da wannan. Aya ko hadisi kuwa ba a rubuta su da ka a wuce. Sai an koma ga Mus'hafi ko littafin asali an tabbatar da lafazi da lamba.

A nan ne kuma ake duba abin da zai iya kai mutum gaban alƙali. Zargin da ba hujja a kan wani mai suna ɓata suna ne, kuma dokar Penal Code da ake aiki da ita a jihohin Arewa ta tanadi hukunci a kansa. Ɗaukar rubutun wani ko hotonsa ba izini, ba ambato, ya saɓa wa dokar haƙƙin mallaka ta 2022.

Harshe da jimla

Karatu na uku a bayyane ake yin sa, da murya. Kunne yana kama abin da ido ya tsallake: jimlar da numfashi ke ƙarewa kafin a kai ƙarshenta, kalmar da aka maimaita sau uku a layi biyu, da Hausar da ƙashinta na Turanci ne. Mai rubutu ya tambayi kansa ko haka Bahaushe zai faɗa a zaune. A lura da jinsi, domin a garuruwan da Hausa ta zama harshen kasuwa tsakanin ƙabilu, irin Minna, bambancin "ya" da "ta" yakan sassauta a baki, amma daidaitacciyar Hausa ba ta yafe shi a rubuce. A lura da karin harshe kuma. Sakkwatanci ko Zazzaganci a bakin tauraron labari ado ne, amma cakuɗa su ba dalili a cikin bayani yana rikita mai karatu.

Ƙa'idojin rubutu

Mafi yawan kurakuran Hausar boko a wuri biyu suke taruwa. Na farko haruffa masu lanƙwasa. Kafa daban, ƙafa daban. Baki daban, baƙi daban. Bata ba ɓata ba ce. Na biyu haɗa kalmomi da raba su. Ana rubuta "yana" da "suna" a haɗe, "za su" da "ba su" a rabe. Gajeriyar mallaka tana manne da suna, kamar "gidansa" da "motarta". "Ba shi" umarni ne ko korewa, "bashi" kuwa abin da ake bin mutum ne. "A kan" tebur ake ajiye littafi, amma "akan" yi ruwa a watan Agusta. Inda aka yi shakka, Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero da aka buga a 2006 yana raba gardama a kan kalmomi da dama.

Kwamfuta da waya suna ƙara tasu matsalar. Manhajar gyaran rubutu da aka saita da Turanci takan sauya kalmar Hausa da kanta ba tare da an lura ba, don haka kashe ta ya fi. Wasu nau'o'in haruffa kuma ba su da ɓ da ɗ da ƙ, sai su fito a matsayin akwati ko alamar tambaya da zarar an buɗe rubutun a wata kwamfutar.

Kwafin gwaji da ido na biyu

Bayan an tsara shafuka, kafin a yi farantin bugu, wajibi ne a fitar da kwafin gwaji a takarda. Tsara shafi yana haifar da sababbin kurakurai: layi ya ɓace a ƙasan shafi, bayanin hoto ya koma ƙarƙashin wani hoton, lambobin shafi su saɓa da na ƙunshiya. Manyan haruffa sun fi komai tsira da kuskure, domin ido yana ɗaukar kanun labari da bangon littafi kamar ba sa buƙatar dubawa. Masu wannan sana'a sukan ɗora rula a ƙarƙashin layi su bi shi kalma-kalma, wasu ma su faro daga jimlar ƙarshe su yo baya, don kada daɗin labari ya ɗauke musu hankali. Tarihi ya adana misalin abin da sakaci a nan ke jawowa: a 1631 wasu masu ɗab'i a Landan suka fitar da Baibul da kalmar korewa ta faɗi daga dokar hana zina, aka ci su tarar fam 300, aka kuma ƙwace lasisinsu.

Wannan karatu na ƙarshe ya fi kyau a hannun wanda bai taɓa ganin rubutun ba: malamin Hausa, ko ɗan jarida, ko abokin rubutu a ƙungiya. A ba shi lokaci isasshe, a kuma gaya masa irin dubawar da ake so. Duk gyaran da aka shigar a sake duba wurin, domin gyara ma yakan haifi kuskure. Sai mai aikin ya sa hannu a kan kwafin gwaji sannan maɗaba'a ta tayar da inji.

Idan duk da haka kuskure ya tsallake, jarida takan buga gyara a fitowa ta gaba, littafi a saka masa 'yar takardar gyare-gyare a ciki, sannan marubuci ya ajiye kwafi ɗaya yana yi masa alama domin bugu na biyu.