Turbo a gindin mota: Zai iya da hanyoyin Kalgo da Gwandu kuwa?

Duk mai bibiyar bidiyon motoci a TikTok da YouTube zai iya cin karo da wata mota da aka cire mata tukunyar salansa ta baya, aka ɗaura turbo a gurbinta. Tana tashi da fito, tana cin kwalta kamar an harba kibiya. Matashin da ke da tsohuwar Golf ko Honda a Kalgo ko Gwandu zai ji sha'awar kai tasa gareji a yi mata haka. Kafin ya sayar da buhunan shinkafarsa ya zuba kuɗin a wannan aiki, ya kamata ya san abin da zai saya.

Turbo dai ba sabon abu ba ne. Injiniyan Suwizalan Alfred Büchi ne ya yi rajistar fasahar a 1905. Hayaƙin da inji ke fitarwa shi ke juya wata farfela, ita kuma ta juya 'yar'uwarta da ke tura iska cikin inji. Iska ta ƙaru, mai ya ƙaru, ƙarfi ya ƙaru. Farfelar kan yi juyi sama da 100,000 a minti ɗaya. Manyan motocin DAF da ke ɗaukar albasa daga Aliero da shinkafa daga fadamun Kebbi da shi suke aiki, sai dai nasu yana manne da inji, inda kamfani ya ajiye shi.

Mayar da shi baya kuwa dabara ce da kamfanin STS na jihar Utah a Amurka ya yi suna da ita a farkon shekarun 2000. Tun kafin nan, jirgin yaƙin Amurka P-47 Thunderbolt na Yaƙin Duniya na Biyu ya ɗauki nasa turbon a bayan matuƙi, da dogayen bututai da ke kai iska gaba.

Amfanin dabarar na gaske ne, musamman a ƙasa mai zafi irin tamu. A watan Afrilu zafin Birnin Kebbi kan haura digiri 40, kuma turbon motar fetur kan yi ja zur idan aka matsa masa. Ajiye irin wannan garwashi a ƙarƙashin bonet, kusa da wayoyi da robobin lagireto da suka riga suka tsufa a Turai kafin su iso Kwatano, neman magana ne. Idan yana baya, inji ya huta da wannan zafi. Iskar ma tana ɗan hucewa a doguwar tafiyarta zuwa gaba, kuma inji ya fi son iska mai sanyi. Ga shi ba sai an yanke komai a gaba don neman wuri ba.

Amma nisan nan yana da farashi. Hayaƙi yana hucewa kafin ya isa baya, ƙarfinsa ya ragu, don haka direba kan taka totur ya ɗan jira kafin turbo ya amsa. Masu aikin sukan rage wannan da ƙaramin turbo da naɗe bututun salansa. A kan hanyar Kalgo zuwa Jega, inda mutum ke son wuce tirela kafin mai zuwa ta iso, jinkirin daƙiƙa ɗaya ba wasa ba ne.

Babbar matsalar ita ce baƙin mai. Turbon da ke gaba yana sama da kaskon mai, saboda haka man da ya shafa shi yana gangarowa da kansa. Na baya yana ƙasa, kuma yana nesa, dole sai an sa masa famfon lantarki da zai riƙa mayar da man zuwa inji. Ranar da famfon ya tsaya, ko fiyus ya ƙone, ko waya ta tsinke a gargada, man zai taru ya ɓalle cikin salansa. Farko za a ga shuɗin hayaƙi, in direba bai lura ba man ya ƙare, inji ya buga. Ke nan rayuwar injin gaba ɗaya ta rataya a kan famfo guda da ba a cika samunsa a shagunan kayan gyara ba.

Sai kuma hanya. Waɗanda suka ƙirƙiro dabarar ba su yi ta don burji da yashin ƙauyukan Gwandu ba. Matatar iska tana komawa kusa da tayar baya, daidai inda ƙura ta fi tashi, kuma a hunturu ƙurar nan kan cinye fukafukan farfela sannu a hankali. Da damina abin ya fi muni. Wanda ya tuna ambaliyar 2020, wadda ta cinye gonakin shinkafa ta karya gadoji a Kebbi, ya san yadda ruwa ke hawa hanya a nan. Matatar da ta nutse za ta zuƙi ruwa ta kai inji, fistin ba ya iya matse ruwa, sai sandarsa ta lanƙwashe. Ƙarfen da ya yi ja kuma aka watsa masa ruwan sanyi yana iya tsagewa. Ko tudun rage gudu na cikin gari ya isa ya fasa bututun mai.

Akwai kuma abin da bidiyon ba ya nunawa. Injin da ba a ƙera don turbo ba yana bukatar a sake saita ƙwaƙwalwarsa, a canza nozul, a duba kulochi da birki. Aikin walda kaɗai ba ya wadatarwa. Kuma tun da aka cire tallafi a ranar 29 ga Mayu 2023, litar fetur da ba ta kai naira 200 ba ta haura 1,000 a 2024, motar da aka ƙara wa iska kuwa dole ta ƙara sha duk lokacin da aka taka ta.

A ganina, mai son ƙarfin turbo a wannan yanki ya fi masa sauƙi ya nemi motar da ta zo da shi daga kamfani, irin Golf TDI ko Hilux mai dizal. Wanda kuma ya nace sai na baya, to ya ɗaga matatar iska zuwa cikin but, ya sa faranti a ƙarƙashin turbon, ya haɗa fitilar gargaɗi da famfon mai, sannan ya ajiye motar a gida daga Yuli zuwa Satumba.