Amitriptyline: Iyakar Abin da Jiki Zai Iya Ɗauka

Amitriptyline tsohon magani ne. Tun 1961 aka amince da shi a Amurka don ciwon damuwa mai tsanani, kuma har yau yana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya. A Damagaram, kamar sauran wuraren da likitoci ke rubutu da Faransanci, an fi saninsa da sunan Laroxyl. Akwai ƙwaya mai miligiram 25 da mai 50, akwai kuma na ruwa, wanda kowane ɗigonsa miligiram 1 ne. Daga baya aka gano yana kwantar da ciwon jijiya, irin zugin da mai ciwon sukari ke ji a tafin ƙafa cikin dare kamar ya taka garwashi, yana kuma rage yawan tashin ciwon ɓarin kai. Akan rubuta shi ga mai fargaba da rashin barci, ko da yake sababbin magunguna masu sauƙin illa aka fi farawa da su a wannan fanni.

Awon maganin ya danganta da cutar. Don ciwon jijiya, babba yana farawa da miligiram 10 zuwa 25 da dare. Likita kan ƙara kaɗan bayan kwana 3 zuwa 7 idan jiki ya karɓa, kuma yawancin marasa lafiya suna tsayawa tsakanin 25 da 75 a rana. Abin da ya haura 100 sai da sa ido sosai. Don ciwon damuwa akan kai 150 a rana, a raba shi kashi biyu, wannan kuwa ita ce iyakar da aka saba tsayawa a kanta ga wanda ke jinya a gida. Wanda ya wuce shekara 65 yana farawa daga ƙasa, a hau da shi sannu a hankali, domin jiri kan kayar da tsoho idan ya miƙe tsaye da sauri, musamman a tashin asuba.

Babban tarkon maganin shi ne jinkirinsa. Barci da bushewar baki suna zuwa tun kwanakin farko, amma sauƙin ciwo yakan ɗauki mako 2 zuwa 4. Mutumin da ya saba da farasitamol, wanda ke aiki cikin awa guda, sai ya ga shiru, ya ce maganin ya yi masa kaɗan, ya ƙara ƙwaya biyu da kansa. To, tsakanin awon da ke warkarwa da wanda ke cutarwa babu nisa. Idan ya yi yawa, zuciya yake taɓawa: bugunta ya rikice, jini ya sauka, mutum ya ruɗe, ya yi jijjiga, ya suma. 'Yan ƙwayoyin da ba su dami babba ba suna iya halaka ƙaramin yaro, shi ya sa ajiye shi a bakin taga ko ƙarƙashin matashi ganganci ne.

Abubuwa biyu suna ƙara haɗarin a Damagaram. Na farko tiramol, wanda ya yaɗu tsakanin matasa da masu aikin ƙarfi, ana samunsa a tiren masu tallan magani ba tare da takardar likita ba. Haɗa shi da amitriptyline yana jawo jijjiga irin ta farfaɗiya, da zazzaɓi da karkarwa da ruɗewa. Dole mara lafiya ya gaya wa likita gaskiya idan yana sha. Kunya a nan ba ta da amfani. Na biyu zafin bazara. A watannin Afrilu da Mayu zafi yakan wuce digiri 40, maganin kuwa yana iya rage gumi, ya busar da baki, ya ƙulle ciki. Ɗan kabu-kabu da mai aiki a rana suna buƙatar ruwa da yawa, kuma kada su tuƙa abin hawa idan barcin maganin bai sake su ba.

Akwai waɗanda bai halatta su sha ba: wanda bai daɗe da samun bugun zuciya ba, mai rikicewar bugun zuciya, mai ciwon hanta mai tsanani, da yaron da bai kai shekara 6 ba. Mai hawan jinin ido, mai farfaɗiya, dattijon da fitsari ke masa wuya da mace mai ciki, sai likita ya auna ya yanke. Matashin da bai kai 25 ba yana buƙatar kulawar iyali a makonnin farko, domin tunanin kashe kai kan iya ƙaruwa kafin sauƙi ya zo. Barin maganin ma ba a yi farat ɗaya. Ragewa ake yi cikin makonni.

Idan wani ya sha fiye da ƙima, ba a jiran alama ta bayyana, domin mutum kan zauna lafiya lau sannan ya rikice bayan 'yan awoyi. Madara ba ta karya shi, tilasta amai kuma yana ƙara haɗari. A ɗauki kwalin maganin, a garzaya da mutumin Asibitin Ƙasa na Zinder (Damagaram) ko cibiyar lafiya mafi kusa, inda za a auna bugun zuciyarsa a ci gaba da lura da shi.