Na'ura Mai Ƙwaƙwalwa Da Ɗaliban Likita A Garwa

Jama'a, duk wanda ya yi koyarwa a firamare ya san makero a kan yara, da ƙazwa a tsakanin yatsunsu. To amma gane cutar fata ba da ido kaɗai ake yi ba. Sai an kankaro ɓawon wurin, a ɗiga masa ruwan magani a kan gilashi, a leƙa ta madubin ƙara girma. In kuturta ake zargi, akan ɗan tsaga fatar kunne, a rina abin da aka samo, a nemi ƙwayar cutar.

Wannan aiki ɗaliban tsangayar likitanci ta Jami'ar Garwa, wadda aka kafa a 2022, za su riƙa yi mana gobe.

A wasu ƙasashe kwamfuta ke fara koya shi. Tana nuna wa ɗalibi hoton gilashin, ya matso da shi, ya yi kuskure sau goma ba a ɓata magani ba, ba a kuma wahal da majiyyaci ba. Lalle muna son wannan ya wadata a nan Arewa.

Sai dai yawancin hotunan littattafan likitanci na farar fata ne, inda ƙurji kan yi jajir. A jikinmu kuwa yakan yi duhu ne, tabon kuturta kuma ya yi haske kaɗan, har a ɗauka kyasbi ne. Saboda haka hotunan da za a zuba wa na'urar, a ɗauko su daga asibitocin Garwa da Marwa da Mokolo, da yardar majiyyatan.