"A sakar wa mutum mara": mene ne ra'ayin ƴan libertariyan, kuma ina ya haɗu da rayuwarmu?



Tun da Javier Milei ya ci zaɓen shugaban ƙasar Ajantina a watan Nuwamba na 2023, bayan ya sha yawon kamfe riƙe da injin yankan itace yana cewa da shi zai datse kashe-kashen kuɗin gwamnati, wata kalma ta riƙa yawo cikin labaran duniya: libertariyan. Ƴan uwanmu da ke zaune a Amurka ma suna jin ta duk lokacin zaɓe, don can akwai jam'iyya mai wannan suna tun 1971. To su wane ne waɗannan mutane, kuma me ya haɗa maganarsu da manomin hatsi ko mai sayar da ƙosai a bakin tasha? Mu bi ta daki-daki.

Tushen maganar

A taƙaice, ɗan libertariyan cewa yake kowane baligi mai hankali shi ke da iko da kansa, da guminsa, da abin da ya samu ta hanyar da ba cuta. Ba wanda ke da damar tilasta masa, ko maƙwabci ne, ko sarki, ko gwamnati, in dai shi bai taɓa ran wani ko dukiyar wani ba. Yawancinsu sun yarda a samu hukuma, amma aikinta ya tsaya kan tsaron rai da dukiya, da shari'a tsakanin masu rigima, da tilasta cika alkawarin ciniki. Sauran lamurra, kamar kuɗin tiya, da sana'ar da mutum zai yi, da inda zai je cin rani, da yadda zai bauta wa Ubangijinsa, a bar wa mutane da yardar juna.

Ra'ayin ya girma ne a Turai da Amurka. Ana danganta tushensa da masana irin su John Locke na Ingila, wanda ya rasu a 1704, da Frédéric Bastiat na Faransa, wanda ya rasu a 1850. Amma tambayar da suke yi ba baƙuwa ba ce a kunnen Bahaushe: wanda zai hana ni, ko ya karɓi nawa da ƙarfi, mece ce hujjarsa? A wurinsu mai tilastawa ne ya kamata ya kawo dalili, shi kuwa mai neman a ƙyale shi ba ya buƙatar roƙo.

Gawo ya ba da shaida

In muna son ganin inda maganarsu ta yi ƙarfi, ba sai mun je Ajantina ba, gonakinmu sun isa. Dattawa na tune da zamanin da itacen da ke tsakiyar gonar mutum ake ɗaukarsa na hukuma. Dokokin daji da aka gada daga Turawa, da wadda ta biyo baya a 1974, sun sa itatuwa irin su gawo ƙarƙashin kariya, manomi bai isa ya sare ba sai da izini, in ba haka ba ƴan gandun daji su ci shi tara. Niyyar dokar a kare itace ne. Amma me ya faru? Wa zai yi renon abin da ba nasa ba, abin da ma zai iya jawo masa tara? Sai manomi ya share tohon tun yana ƙarami, gona ta zama fayau, iska ta kwashe ƙasa.

Wajen 1983, a jihar Maraɗi, wani ma'aikacin noma ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, tare da manoman yankin, suka soma abin da muke kira sassaben zamani: a bar kututture ya toho, a zaɓi rassa masu ƙarfi, a sassabe sauran. Dabarar ba ta cin kuɗi. Abin da ya sa ta bazu shi ne sannu a hankali manomi ya samu natsuwar cewa itacen da ya rena nasa ne, shi zai ci moriyar ice da ganye da ƴaƴan. Dokar karkara ta 1993 da dokar daji ta 2004 sun ƙarfafa wannan hakki. Masu bincike sun ƙiyasta cewa kimanin hekta miliyan 5 sun sake yin itatuwa, wajen itace miliyan 200. Duk wanda ya ratsa ƙasar Matamai da Magarya ya ga gawo da idonsa. Tara ta kasa, mallaka ta iya.

Haka zancen Mata Masu Dubara, asusun mata da aka fara a jihar Maraɗi a 1991, wanda yau ake koyi da shi a ƙasashe da dama. Ba jandarma da ke tsaye kan matan, su ke zuba kuɗinsu, su ke kafa ƙa'idarsu, su ke hukunta mai saɓawa. Gayya da adashe ma haka suke. Ɗan libertariyan zai ce: kun gani, mutane sun iya haɗa kai ba da bulala ba.

Iyaka, bariyar da lanho

A fagen siyasa, abin da ya fi ci musu rai shi ne hukuma ta tsaya tsakanin mai saye da mai sayarwa. Bastiat ya taɓa rubuta wata takardar koke ta barkwanci a 1845, da sunan masu yin kyandir, wai suna roƙon majalisa ta sa a toshe tagogi don rana na yi musu gasar da ba adalci, tana ba da haske kyauta. Abin da yake nufi: duk lokacin da aka hana kaya shigowa don a kare wasu ƴan kasuwa, mai saye ne ke biyan kuɗin kariyar.

Mu da ke bakin iyaka mun ɗanɗana. Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, musamman don hana shigar shinkafar waje. Sannan takunkumin CEDEAO ya zo a ƙarshen Yuli 2023, ba a ɗage shi ba sai Fabrairu 2024. A duka biyun, wa ya ji jiki? Mai kai wake da dabbobi Jibiya, mai albasa a hanyar Ƙonni da Illela, direba, ɗan dako, da uwar gida mai cefane. Kaya kuma ba su daina wucewa ba, sun dai koma hanyar daji, kuɗinsu ya ƙaru, masu karɓar na goro suka samu kasuwa.

Kan haraji ma suna da tsauri. Suna tunatar da cewa gwamnati ba ta da gona, duk dalar da ta kashe daga aljihun wani ta fito. A 2005, da aka ɗora harajin kashi 19 cikin ɗari kan kayan masarufi irin su madara, fulawa da sukari, ƙungiyoyin yaƙi da tsadar rayuwa sun kira ranakun zaman gida, Yamai da sauran manyan garuruwa suka yi tsit, har gwamnati ta janye yawancin ƙarin. Waɗanda suka rufe shagunansu ranar ba su taɓa jin sunan Bastiat ba, amma tambayarsa suka yi.

Ina addini a ciki?

Nan ne ake buƙatar taka-tsantsan, don akwai inda hanyoyi suka haɗu, akwai inda suka rabu.

Ɗan libertariyan na cewa imanin da aka cusa da ƙarfi ba imani ba ne, don haka hukuma kada ta zaɓar wa kowa addini, kada kuma ta hana kowa nasa, Musulmi ne ko Kirista. Malamanmu za su tuna mana aya ta 256 cikin Suratul Baƙara, wadda ta kore tilas cikin addini. A fannin kasuwa kuma akwai hadisin Anas ɗan Malik, da Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito: kaya sun yi tsada a Madina, aka roƙi Manzon Allah (SAW) ya yanke farashi, bai yi ba, ya nuna cewa wannan lamari na hannun Allah, kuma yana fatan haɗuwa da Ubangijinsa ba wanda ke bin sa hakkin jini ko na dukiya. Ibn Khaldun, malamin tarihi da aka haifa a Tunis a 1332, shi ma ya bayyana cewa haraji mai sauƙi na ƙara wa mutane himma har baitulmali ya cika, mai nauyi kuwa na kashe zuciyar nema.

Amma musulunci bai bar kasuwa ba linzami ba. Ya hana ɓoye abinci don ya yi tsada, ya hana tare ƴan ƙauye a hanya a saye kayansu kafin su san farashin kasuwa, ya hana tauye mudu. Malamai da dama, har da na mazhabar Malikiyya da muke bi, sun yarda shugaba ya sa baki in ƴan kasuwa sun ƙuntata wa jama'a. Ɗan libertariyan zai halatta bashi da ruwa, da caca, da sayar da giya, in dai da yardar masu yi. Mai imani kuwa zai ce rai da dukiya amana ce aka ba shi, kuma zakka hakkin talaka ce, ba alfarma ba.

Inda tiyar ba ta cika ba

Shekarar 2005 ɗin nan dai ta koya mana wani darasi. Bayan fari da farin dango na 2004, hatsi bai ɓace daga kasuwanni ba, amma kuɗinsa ya fi ƙarfin talaka, darajar bisashe kuma ta faɗi. An daɗe ana jan ƙafa kan rabon abinci kyauta don gudun ɓata kasuwa, aka tsaya kan sayarwa da rahusa, yara kuwa suka cika cibiyoyin tamowa a Maraɗi, jihar da ake kira cibiyar kasuwancin ƙasa. Kasuwa tana amsa kiran mai kuɗi ne. Wanda rumbunsa ya ƙare, aljihunsa ya bushe, ƴancin saye bai ƙosar da shi.

Ita ma Ajantina lissafinta fuska biyu gare shi. Hauhawar farashi da ta kai kashi 211 cikin ɗari a 2023 ta sauko sosai bayan Milei ya rage ma'aikatun minista ya datse kashe kuɗi, amma a watanni shida na farkon 2024 talauci ya haura kashi 50 cikin ɗari na jama'a kafin daga baya ya ragu.

Sai maganar tsaro. Mutanen yankin Madarunfa da Gidan Rumji, da suka sha fama da ɓarayin shanu da masu satar mutane don kuɗin fansa, ba ƙarancin hukuma suke nema ba. So suke a gan ta inda ake buƙatarta. A nan ma ɗan libertariyan zai ce ai maganarsa ke nan: hukumar da ta shagala da bin mai tallar goro da tikiti, ƙarfinta na raguwa wurin bin ɓarawo.

Ba mu ce kowa ya rungumi wannan ra'ayi ba, ba mu ce a watsar da shi ba. Ma'auni ne da za mu iya ɗauka mu auna kowace sabuwar doka, ko daga Yamai ta fito ko daga ofishin magajin gari. Wace cuta take hanawa? Wa zai biya? In an bar mutane da dubararsu, za su iya ko ba za su iya ba? Kuma in an sakar wa mai ƙarfi mara, wa zai tsaya wa marar ƙarfi?

Ku tattauna wannan a fada da majalisa da wurin daka, ku aiko mana da ra'ayinku, na gida da na ƙetare. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da ƙasarmu lafiya.